Daga Zongon Kwatano Zuwa Matan Fada: Wa Ya Raba Mu da Ruwa?

Tun da aka fara yayata aikin gyaran garin kan ruwa na Ganvié da sababbin otal-otal na bakin teku, ƙarƙashin shirin Bénin Révélé da gwamnatin Patrice Talon ta Benin ta ƙaddamar a Disamban 2016, hira ta sauya a teburin mai shayi na Zongon Kwatano. Samari na miƙa wa juna waya: ga baƙi an kai su cikin jirgi wani lungun teku mai ruwa garau, sun sa tabarau da bututun numfashi, sun kifa ciki suna kallon kifaye. Wasu na cewa irin wannan za a kawo mana. Dattawa kuwa sai tsaki, wai sharholiyar Turawa ce, ina Bahaushe ina ruwa. Kowane ɓangare ya kuskure, amma maganar dattawan ta fi ci mini rai.

Wasan kansa ba wani abu ba ne mai wuya. Jagora ya kai mutane inda ruwa ke kwance, ya ƙirga su, ya nuna musu iyaka. Abin da yake bukata shi ne ruwa mai haske da duwatsun murjani, irin na Zanzibar da Bahar Maliya. Namu ba haka yake ba. Kogin Ouémé na kwararo laka cikin tafkin Nokoué, mashigar da Faransawa suka haƙa a 1885 ta haɗa tafkin da teku, igiyar ruwan bakin tekun Fidjrossè kuma na dama yashi dare da rana, tana janye wanda bai san ta ba.

Abin da muke da shi shi ne jirgin Ganvié. Daga tashar Calavi za ka ratsa shingayen rassan itace da masunta ke kafawa kifi ya taru, waɗanda suke kira akaja. Na ga yarinyar da ba ta wuce shekara bakwai ba tsaye a gindin kwalekwale, filafili a hannu, ƙanenta na barci kusa da kwandon kifi, ko gezau. Kakanninta, Tofinu, ruwa suka shiga don tsira daga mayaƙan Dahome masu farautar bayi, suka kafa gari kan turaku. Tun 1996 garin ke jiran shiga kundin UNESCO.

To, mu fa? Wanda ya ce Bahaushe bai san ruwa ba bai san Kabi ba. Kafin a ƙera tabarau na ninƙaya, Kabawa da Sarkawa na nutso su kamo kifi da hannu a ruwan da ido ba ya gani. Suna da Sarkin Ruwa, wanda ba a shiga kogi sai da izininsa, domin shi ya san zurfi, ya san makwancin kada. Me ake nema wurin jagora in ba wannan ba? Bikin Argungu, wanda aka soma a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan Ɗan Mu'azu, bai tsaya ga homa da gora a kogin Matan Fada ba. Akwai kabanci: tseren kwalekwale, gasar nutso, iyo, kamun agwagwar ruwa. A 2016, shekarar da Benin ta fito da nata shirin, UNESCO ta sa bikin cikin al'adun duniya. Sarkawa sun bi kogin Kwara, sun kai tafkin Cadi da sana'arsu. Mu da fatauci ya kawo gaɓar teku, mun riƙe awo da ciniki, mun yar da wannan gadon, har muna tsorata yaranmu da ruwa maimakon mu koya musu shi.

Tsoro kuwa bai taɓa ceton kowa ba. A Yunin 2023 jirgi ya kife da 'yan biki a Patigi ta jihar Kwara, fiye da mutum 100 suka rasu. Mun ce Allah Ya jiƙansu, muka ci gaba da shiga jirgi ba rigar ceto. Rai a hannun Allah yake, amma ai an umurce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali.

Saboda haka hukumomin tashoshin jirage su daina kawar da kai: ba riga, ba tafiya, ko baƙo ko ɗan gari. Ku kuma iyayenmu na Zongo, Allah Ya ƙara girma, kuɗin da ake kashewa a ankon biki ɗaya ya isa a ɗauki mai koya wa yaran layi iyo. Samarinmu na jin Hausa, Faransanci da Fon. Alhazan Kano da Maraɗi da ke sauka wurinmu, wa ya fi su dacewa ya kai su Ganvié ya dawo da su lafiya? Sai dai fa wanda bai iya iyo ba ba ya jagorancin jirgi, kuma ba za a jira mu ba.