Kyautar Ƙarshen Shekara: Ko Tana Buɗe Ƙofar Jami'a?

Idan watan Yuni ya kama, damina ta ƙarato, lakwal-lakwal da dama na ƙasarmu sukan tara iyaye da hukumomi domin rabon kyauta ga ɗaliban da suka yi fice. Akan ba na ɗaya littattafai da alƙalami, a kira sunansa a gaban jama'a, a rubuta shi a allon girmamawa. Tambayar da uba manomi na Bazaga, cikin gundumar Birnin Ƙwanni, yake yi ita ce: wannan takardar yabo, za ta kai ɗana jami'a?

Amsa a taƙaice: ba ita ce mabuɗi ba. A Nijar mabuɗin jami'a shi ne bakaloreya, wadda ƴan makaranta ke kira bak. Haka abin yake tun da aka kafa cibiyar ilmi mai zurfi ta Yamai a 1971, wadda ta zama jami'a a 1973, aka kuma sa mata sunan Abdu Mumuni a 1992. Haka yake a jami'ar Tawa, da ta Maraɗi, da ta Damagaram, waɗanda aka kafa a 2010. Wanda ya tara takardun yabo goma, amma ya faɗi bak, ƙofa a rufe take gare shi.

Yabon da ke da nauyi shi ne wanda ke cikin jarrabawar kanta. Maki 10 cikin 20 ya isa a ci. Daga 12 ɗalibi ya samu darajar “da dama”, daga 14 “da kyau”, daga 16 “da kyau ƙwarai”. Wannan daraja ce ake dubawa idan gurbi ya yi kaɗan, masu nema sun yi yawa, musamman wajen tallafin karatu zuwa ƙasashe irin su Maroko da Aljeriya. A nan akan nemi har takardun maki na shekaru ukun lise. Maƙwabtanmu na Nijeriya ma jarrabawa suke bi: ɗan Sakkwato mai son shiga Jami'ar Usmanu Danfodiyo sai ya ratsa ta hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Amurka ce ta bi wata hanya dabam: can jami'o'i da yawa suna duba kyaututtukan ɗalibi da ayyukansa na taimakon jama'a, suna haɗa su da maki.

To, ashe rabon kyauta aikin banza ne? Ko kaɗan. Amfaninsa yana zuwa tun da wuri, kafin a fara zancen jami'a. Yaron ƙauye a yankin Ƙwanni, Malbaza ko Ilela, sau da yawa sai ya bar gida, ya zauna hannun mai masauki, kafin ya gama kwaleji da lise. Gona tana kiransa, kasuwar kan iyaka tana kiransa, ci-rani yana kiransa. Yarinya kuwa, ga masu neman aure a ƙofar gida. Ranar da uba ya ji an kira sunan ɗiyarsa a gaban maigari da malamai, ranar ce yakan yanke shawarar barinta ta ci gaba. Littafin da aka ba ta kuma, wata sa'a shi kaɗai ne littafi a gidan.

Saboda haka muna kira ga daraktoci da malamai da su riƙe gaskiya wajen zaɓe, kada a ba ɗan wane don darajar ubansa, domin kyautar son kai tana karya zuciyar mai ƙoƙari. Iyaye su halarci bikin, kada su bar wa malamai kaɗai. Ku kuma ƴan makaranta, ku karɓi yabo da godiya, ku koma kan littafi tun daga ajin farko na lise, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya ba yaranmu sa'a, ya amfanar da ƙasa da ilminsu.