Kwalta da Kashin Kaji: Kalmomin Ɓata Suna a Ingilishi da Hausa

Kalmar kwalta baƙuwa ce a Hausa, ko da yake ta daɗe har ta zama 'yar gari. Asalinta kalmomi biyu ne na Ingilishi, watau "coal tar", baƙin ruwan nan mai danƙo da ke fita idan an gasa kwal. Bahaushe ya haɗe su wuri guda, ya mai da wasalin farko "wa" kamar yadda ya yi a kalmomin kwas da kwat. Harafin "r" kuwa, dama Baturen Ingila ba ya furta shi a ƙarshen kalma, don haka kunnen Bahaushe bai ji shi ba balle ya ara. Galibin abin da ake malala wa tituna a yau daga ɗanyen man fetur ake tace shi, ba daga kwal ba, amma suna ya riga ya zauna. Abin da wannan maƙala ke son nunawa shi ne, mun ari kalmar amma mun baro nauyin da take ɗauke da shi a gidansu, kuma wannan yakan jefa mai fassara cikin rami.

A wurinmu kwalta abar alfahari ce. Hanyar da ta taso daga Funtuwa ta ratsa Tsafe da Kwatarkwashi ta shiga Gusau, sa'an nan ta fita ta Bunguɗu zuwa Sakkwato, ita ce ta raba ƙauyukan yankin gida biyu, na bakin kwalta da na cikin lungu. In an ce kwalta ta iso gari, to hatsi ya sami hanyar kasuwa ke nan, mai naƙuda kuma ta sami hanyar asibiti.

A wurin Bature ba haka abin yake ba. Kalmar "tar" ta girmi titin mota da ɗaruruwan shekaru. Tushenta ɗaya da "tree", domin daga itace aka fara tatsar kwalta ana shafe jiragen ruwa da ita. Tun a 1189 Sarkin Ingila Richard na Ɗaya ya kafa doka ga mayaƙansa da ke tafiya a jiragen ruwa, cewa wanda ya yi sata a aske kansa, a zuba masa tafasasshiyar kwalta, a barbaɗa masa gashin tsuntsu. Wannan horo shi ake kira "tar and feather", kuma mutanen Boston ta Amurka sun yi wa wani ma'aikacin kwastan mai suna John Malcolm irinsa a 1774. Daga nan aikatau ɗin "to tar" ya ɗauki ma'anar tozarta mutum a idon jama'a. Mai fassarar da ya ce "sun shafa masa kwalta" bai faɗa wa Bazamfare kome ba. Abin da Hausa ta tanada shi ne "sun shafa masa kashin kaji". Abin sha'awa, tsuntsu ya shigo ta kowane ɓangare, sai dai Bature ya ɗauki gashinsa, Bahaushe ya ɗauki abin da ya fi wari. A 'yan shekarun nan ana jin "baƙin fenti" a bakin 'yan jarida da 'yan siyasa. Ba laifi, amma a ganina bai kai kashin kaji kaifi ba, domin fenti ado ne.

Akwai kuma salon magana na "tarred with the same brush", wanda masana da dama ke danganta shi da makiyayan Ingila masu shafa wa tumaki kwalta a kan gyambo da buroshi guda. Ma'anarsa a haɗa mai laifi da marar laifi a yi musu shafa ɗaya, watau a yi musu kuɗin goro. A Zamfara wannan ya wuce batun nahawu. Tun da fitinar 'yan bindiga ta addabi ƙasashen Tsafe da Bunguɗu da sauransu, an sha yi wa ƙabila sukutum ko ƙauye ɗungurungum kuɗin goro saboda laifin wasu. Ga kuma sabuwar kalmar aro, infoma, mai kai wa ɓarayi rahoto. Wanda aka liƙa wa ita, ko da bisa ƙiyayya ce, ba sunansa kaɗai ke cikin haɗari ba, har ransa.

Ɗalibai su lura, "tarnish" ba ta da dangantaka da "tar", kama ce kawai ta sauti. Daga Faransanci ta fito, tana nufin dusashewar ƙarfe mai ƙyalli, kamar tasar da ta daɗe ba a goge ba. Haka "sully" ma daga Faransanci take, ma'anarta ƙazantarwa, "denigrate" kuma daga kalmar Latin mai nufin baƙi.

Inda kuskure ya fi tsada shi ne fagen shari'a. Ingilishi yana da "defamation" a matsayin uwa, da 'ya'ya biyu: "slander" na baka, "libel" na rubutu. Hausa ba ta damu da wannan rabo ba, ɓata suna duk ɓata suna ne, kuma dokar Final Kod ta Arewa ma haɗe su ta yi a sashe na 391. Rabon da Hausa ta kula da shi na nauyin zargi ne, shi ya sa muke da tsegumi da yarfe da ƙage da sharri, sa'an nan ƙazafi. A bakin talaka ƙazafi na iya nufin kowace ƙarya da aka ɗora wa mutum, amma a fiƙihu jifa ne da zina ba tare da shaidu 4 ba, haddinsa bulala 80. Tun da dokokin laifuka na Shari'ar Musulunci suka fara aiki a Zamfara a Janairun 2000, ma'anar fiƙihu ta koma ta kotu. A cikin shekarar nan wata kotu a Tsafe ta yanke wa wata yarinya bulala 100 na zina, da ƙarin 80 na ƙazafi don ta ambaci maza 3 ba ta kawo isassun shaidu ba, ko da yake daga baya an janye ƙarin. Saboda haka wanda ya fassara kowace "defamation" da ƙazafi a labarun rediyo, ya ɗora wa mutum laifin da ba shi aka kai shi ƙara a kai ba.

Saura kishiyoyi. Mai koyo zai zaci tun da kwalta baƙa ce, kishiyar "to tar" ita ce "to whitewash", shafa farar ƙasa, musamman da yake Hausa ta saba gwama fari da baƙi, kamar farin jini (hwarin jini a bakin Bazamfare) da baƙin jini. A nan ma akwai rami. Idan Bature ya kira rahoton kwamitin bincike "whitewash", zagi ne, yana nufin an lulluɓe ɓarna, an yi rufa-rufa. Farar ƙasa ba ta cire kwalta, hawa kanta take yi. Kishiyoyi na gaskiya su ne "exonerate" da "vindicate" da "clear", kuma duka ukun Hausa ta tara su a aikatau guda, wanke. "Kwamiti ya wanke shi" na nufin an bincika ba a same shi da laifi ba. Mai fassarar da ya ga "whitewash" ya rubuta "wanke" ya juya labarin baibai, ya ba wanda ake zargi shaidar da marubucin asali ya hana shi.