Galahanga: Ko kare zai iya zama abokin yaro a Magarya da Dungas?

A ƙauyukan Magarya da Dungas na jihar Damagaram, idan yaro ya ƙi magana, ba ya haɗa ido da mutane, sau da yawa aljanu ake zargi. Likitoci kuwa na lissafa waɗannan cikin alamomin galahanga.

A Amurka da Ingila ana horar da karnuka su raka irin waɗannan yara, su tare su kada su faɗa titi. A nan kare na farauta ne da gadi, duk da cewa Malikiyya ba ta ɗauke shi najasa ba.

Iyayen da za su gwada, su fara yi masa rigakafin haukan kare. Amma kare ba magani ba ne, kai yaro asibiti da wuri shi ne gaba.