Ruwan Sama Ya Kashe Mana Kifi: Darasin Da Na Koya A Kwatano

Shekara biyu ke nan da na sayo wa yara akwatin gilashi na kiwon kifin ado, mai cin lita 60. Muna zaune a unguwar Zongo a Kwatano, gidan haya ne, babu filin ɗaure akuya ko sakin kaji irin na gida. Na ce to, ko kifi ne su samu abin da za su koyi kulawa da shi. Muka zuba ƙananan kifayen nan masu wutsiya kala-kala da ake kira gupi, guda goma sha biyu. Da ruwan rijiyar gidanmu muke canza musu, suna ta haihuwa abinsu.

Da damina ta faɗi a watan Afrilu, sai na ga ga ruwan sama garau a baho, ga na rijiya da ke barin farin ɓawo a cikin tukunyar shayi. Na kwashe ruwan akwatin kaf, na cika shi da na sama, na kama hanyar Legas sarin kaya. Kwana uku sai ga wayar autarmu tana kuka: "Baba, kifayen suna ta mutuwa!" Kafin in dawo saura huɗu.

Na je wurin wanda ya sayar mini da su da niyyar faɗa. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Alhaji, ba cuta ba ce. Ruwan ka sauya musu dare ɗaya." Ya ciro 'yar takardar gwaji ya tsoma a ruwan da na kawo cikin gora, ya zaunar da ni.

Abu uku ake aunawa. Na farko pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ce tsakiya. Ƙasa da ita tsami ne, sama da ita ɓangaren kanwa ne. Kowane mataki ɗaya ninki goma ne, don haka saukowa daga 8 zuwa 6 ninki ɗari ne na tsami. Na biyu GH, taurin ruwa: yawan sinadaran kalsiyam da maganiziyam da suka narke a ciki. Su ne ke hana sabulu kumfa, su ne kuma farin ɓawon nan na tukunya. Na uku KH, sinadarin kabonet da ke riƙe pH kada ya yi ta hawa da sauka. Ruwan sama kusan babu GH babu KH. Kashin kifi da ragowar abinci kuwa kullum tsami suke ƙarawa, idan babu mai tare shi sai pH ya rufta. Ashe ruwan rijiyar da na raina shi ne daidai da gupi, domin su da moli ruwa mai tauri suke so, pH tsakanin 7 da 8. Tetira mai ƙyalli, ɗan asalin kogunan Amazon, shi ne mai son ruwa mara tauri mai ɗan tsami.

Tun daga nan na kafa doka a gida, na rubuta na manna a bango saboda yawan tafiyata. Ba a canza ruwa duka: kashi ɗaya cikin huɗu kawai, sau ɗaya a mako, kuma daga tushe ɗaya. In dole sai an koma wani ruwan, ana gauraya shi kaɗan-kaɗan cikin makonni. In na famfo ne, a sa maganin kashe kulorin. Ba a zuba kanwa don ɗaga pH, ba a zuba ruwan da aka tace da alam, domin alam na cinye KH ya jawo tsami. Duk dutsen da yara suka tsinto, sai an ɗiga masa ruwan khal. In ya yi kumfa, zai ƙara wa ruwa tauri. Ga gupi wannan ba laifi ba ne, har ɓawon dodon koɗi na bakin teku mukan wanke mu dafa mu saka kaɗan. Ga tetira kuwa illa ne.

Akwai kuma abin da ya kamata a sani: idan pH ya yi sama, amoniyar da ke fita daga kashin kifi ta fi zama guba. Saboda haka mai ruwa irin namu kada ya cika akwati da kifi, kada kuma ya yawaita abinci.

Mu fatake yau muna nan, gobe mun ƙaura Lome ko Kumasi, kuma kowane gari da ruwansa. In ka sauka sabon wuri, fara auna ruwan gidan, sannan ka zaɓi kifin da ya dace da shi. Ya fi sauƙi da arha a kan ka yi ta kokawa da ruwa da magunguna.

Huɗun nan da suka tsira, yanzu jikokinsu sun cika akwatin. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, auta ce ke tsoma takardar gwaji, ta turo mini hoton ta WhatsApp duk inda nake.