Gwajin Faci a Babbar Kwamfuta Ba Tare da Tsai da Aiki Ba

Tun daga shekarar 1964, lokacin da kamfanin IBM na Amurka ya fito da jerin na'urorinsa masu suna System/360, manyan bankuna da kamfanonin jiragen sama da ma'aikatun gwamnati suka ɗora lissafinsu a kan babbar kwamfuta guda, wadda take aiki dare da rana. To, amma manhajar da ke tafiyar da ita aikin ɗan Adam ne, ba a raba ta da kuskure. Idan an gano kuskuren, sai kamfanin ya aiko da ɗan gyara, wanda ma'aikatansa ke kira PTF, wato dai faci, kamar yadda ake yi wa tayar keke. Matsalar ita ce, shi kansa facin yana iya zuwa da nasa aibin, a je garin neman gira a rasa ido.

Saboda haka aka ƙirƙiro dabarar raba na'ura ɗaya ta zama tamkar na'urori da yawa. A shekarar 1972 IBM ya fitar da tsarin VM/370, wanda ke ba kowane mai aiki kwamfutarsa ta kwaikwayo a cikin ta ainihi. Daga baya kuma, a 1988, aka sami hanyar yanka na'urar kanta kashi-kashi, ana kiran kowane kashi LPAR. Misalinsu kamar sassan gida ɗaya ne, kowane sashe da ƙofarsa da makullinsa. A ɗaya ake biyan albashi, a wani kuwa ake gwaji, in ya rushe ba wanda zai ji ƙararsa.

Shi gwajin mataki-mataki ne. Da farko akan kwafi faifan da ke ɗauke da tsarin aikin na'urar, a ajiye na asali ba a taɓa shi ba. Sa'an nan a umurci manhajar SMP/E ta duba facin tukuna, ta faɗi ko akwai wasu gyare-gyaren da ya wajaba su riga shi shiga. In hanya ta yi kyau, sai a liƙa shi a jikin kwafin, a tashi sashen gwaji da shi. Daga nan a kawo kwafin bayanai, a sauya sunayen mutane da lambobin asusunsu don tsare sirri, a maimaita aikin da aka yi jiya, a gwama sakamakon biyu. Duk inda suka saɓa, sai an gano dalili. Wajibi ne kuma a tabbata an toshe wa sashen gwaji hanyar isa ga faifan ainihi da layukan waje, domin kada kuɗin gwaji ya faɗa asusun wani. Da irin wannan tsari ne aka riƙa tura agogon sassan gwaji gaba kafin shigowar shekarar 2000, don a ga yadda manhajoji za su karɓi sabuwar shekarar.

Akwai mataki na ƙarshe da aka fi sakaci da shi, wato gwada hanyar komawa baya. Abin da ya sami bankin RBS na Birtaniya da rassansa NatWest da Ulster Bank a watan Yuni na 2012 ya isa ishara. An sabunta manhajar da ke jera ayyukan dare, aka ga tana ba da matsala, sai aka cire sabuwar ba tare da an gwada abin da cirewar za ta haifar ba. Ashe sabuwar da tsohuwar ba sa jituwa. Lissafin dare ya cije, abin ya shafi masu ajiya kimanin miliyan 6.5, wasunsu suka yi makonni ba su ga daidaiton asusunsu ba. A 2014 hukumomin ƙasar suka ci bankin tarar fam miliyan 56.

Darasin da ke nan ya wuce ɗakin kwamfuta. Jami'in da za a kawo wa takardar izinin shigar da gyara ba lalle ne ya san sirrin na'ura ba, amma yana da ikon tambaya: a ina aka gwada, da waɗanne bayanai, kuma in abin ya ƙi, an taɓa gwada komawa ga tsohon faifan? In ba a amsa ta ukun ba, kada ya sa hannu.