Gambarar Dakar: Daga Kaset Zuwa Akwatin Zaɓe

A gidaje da yawa, da an ambaci gambarar zamani, wato hip hop, abin da ke faɗo wa iyaye a rai shi ne yaro da wando a ƙasan ƙugu, sarƙa a wuya, baki cike da ashar. Ba a rasa masu irin wannan hali ba, kuma su suka fi yawa a allon waya. Sai dai akwai ƙasa a nan Afirka ta Yamma, wadda mafi yawan mutanenta Musulmi ne, inda mawaƙan gambara suka kai matsayin da mai mulki ba ya raina abin da ya fito daga bakinsu. Ƙasar ita ce Senegal, cibiyar harkar kuma Dakar da unguwannin talakawa da ke kewaye da ita.

Asalin hip hop unguwar Bronx ce ta birnin New York a Amurka, a farkon shekarun 1970. Ya iso Dakar a shekarun 1980 cikin kaset-kaset da 'yan uwa ke aikowa daga Faransa da Amurka, shi ya sa 'ya'yan ma'aikata na unguwannin Sicap suka fara kama shi. Da fari kwaikwayo ne zalla: rawar juyi a ƙasa, hula a karkace, da rera Turancin da mai rerawar ma bai san ma'anarsa ba. Halin da ƙasa ta shiga ne ya sauya abin. A 1988 an yi zaɓe mai cike da rigima, ɗalibai suka yi dogon yajin karatu har shekarar ta tafi a banza. A watan Janairun 1994 kuma aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, farashin kaya ya yi tashin gwauron zabi. Matasa masu takardu suka cika gari babu aiki, ga baki cike da magana, ga rediyo da talabijin a hannun gwamnati.

A wannan yanayi ne Didier Awadi da Duggy Tee, waɗanda a da kowa ke da ƙungiyarsa suna hamayya, suka haɗe a 1989 suka kafa Positive Black Soul. Babban abin da suka yi shi ne shigo da Wolof, harshen kasuwa da tasha da tsakar gida, cikin waƙar. Nan take direban motar haya da mai tallan kifi suka fara fahimtar abin da ake faɗa. A 1992 mawaƙin Faransa MC Solaar, wanda shi ma haifaffen Dakar ne, ya zo wasa, suka buɗe masa fage, ya ji su ya ja su zuwa Faransa. Kaset ɗinsu Boul Falé na 1994 ya zama sunan da ake kiran matasan zamanin baki ɗaya, a 1995 kuma kundinsu Salaam ya fita kasuwar duniya.

Wanda bai san al'adar roƙo a ƙasar Wolof ba, ba zai gane girman abin da ya biyo baya ba. Mutanen Wolof suna da maroƙa na gado da ake kira gewel, kuma kiɗan mbalax da Youssou N'Dour ya kai duniya a kan gangunansu na sabar aka gina shi. A wajen biki mawaƙi kan ambaci attajiri ko ɗan siyasa, ya jero iyaye da kakanni, a tashi a yi masa liƙi. 'Yan gambara suka ce su ba maroƙa ba ne, ba za su wasa kowa don kuɗi ba, domin bakin da ya ci ba ya iya faɗar gaskiya. Ƙungiyar Rap'Adio ta fi kowa zafi a kan wannan. Da ta fito a 1998, mambobinta kan rufe fuskokinsu, suna caccakar gwamnati, suna kuma caccakar 'yan uwansu mawaƙa da suke ganin sun sassauta don neman kasuwa. A lokacin harkar ta riga ta bar unguwannin masu hali ta koma Pikine da Guédiawaye da Thiaroye, inda ambaliya ke cinye gidaje da damina, matasa kuma ke shiga kwalekwale su nufi Sifaniya.

Ba duka ne suka juya wa gargajiya baya ba. Ƙungiyar Daara J ta Faada Freddy da Ndongo D da Lord Alajiman ta riƙe cewa tushen wannan waƙa a Afirka yake. Hujjarsu ita ce tassu, wata irin magana mai sauri a kan kiɗa da mata ke yi a bikin suna da na aure, mai kama da zuba da habaicin 'yan gambararmu na gargajiya. A kan wannan ra'ayi suka gina kundinsu Boomerang na 2003, wanda ya ci kyautar BBC ta kiɗan duniya a ɓangaren Afirka a 2004. Mata ma ba a bar su a baya ba. Ƙungiyar ALIF ta 'yan mata uku ta fitar da kaset tun 1999, Sister Fa kuma ta yi ta zagaya ƙauyuka da waƙa tana yaƙi da kaciyar mata, abin da ita kanta aka yi mata tana ƙarama.

A zaɓen 2000 mawaƙan gambara sun yi ta kiran matasa su fita su kaɗa ƙuri'a. Abdoulaye Wade ya kayar da shugaba mai ci Abdou Diouf, mulkin jam'iyyar gurguzu na shekara 40 ya zo ƙarshe. An yi murna, amma ba a daɗe ba waɗanda suka yi kiran canji suka koma sukar wanda canjin ya kawo, saboda tsadar rayuwa da zargin yana share wa ɗansa Karim hanyar gado.

Tura ta kai bango a watan Janairun 2011, lokacin da ɗauke wuta ya addabi Dakar, tela da mai walda suna wuni a zaune. Thiat da Kilifeu na ƙungiyar Keur Gui, 'yan garin Kaolack da suka sha kamu tun suna samari saboda sukar hukumar garinsu, suka zauna da 'yan jarida Fadel Barro da Aliou Sané suka kafa ƙungiyar Y'en a Marre, ma'ana mun gaji. Mawaƙa irin su Fou Malade suka shigo. Aikinsu bai tsaya a situdiyo ba. Sukan sa baƙaƙen riguna masu ɗauke da sunan ƙungiyar, su ɗauki lasifika su shiga unguwa. A yi waƙa biyu ko uku, jama'a su taru, sai a kashe kiɗa a tambayi matasa wa ke da katin zaɓe. Wanda ba shi da shi a nuna masa inda ake rajista da takardar da zai riƙa. Idan an hana su taro, sai su hau motar haya su rera a ciki, su sauka a tasha ta gaba. Sun kuma riƙa jan kunnen talaka kansa: kada ya zubar da shara a titi, kada ya sayar da ƙuri'arsa, kada ya ƙona taya da sunan fushi.

Ranar 23 ga Yunin 2011 gwamnati ta kai wa majalisa ƙudurin da zai ba ɗan takara damar lashe zaɓe tun zagayen farko da kashi 25 cikin 100 kacal. Dubban mutane suka yi dafifi a ƙofar majalisa, 'yan Y'en a Marre na sahun gaba, aka yi ta arangama da 'yan sanda, kafin dare aka janye ƙudurin. Wade ya dage sai ya nemi wa'adi na uku, kotun tsarin mulki ta amince masa, amma a zagaye na biyu, ranar 25 ga Maris 2012, Macky Sall ya kayar da shi da kusan kashi 66 cikin 100. Ba mawaƙa kaɗai suka yi wannan aiki ba, akwai jam'iyyun adawa da ƙungiyoyin farar hula, amma su ne suka iya magana da matashin da ba ya karanta jarida.

Abin da ya fi ɗaga darajarsu ya zo ne bayan zaɓe. Jagororin ƙungiyar ba su shiga sabuwar gwamnati ba, kuma a 2014 Keur Gui ta fitar da waƙar Diogoufi tana cewa ba abin da ya sauya a rayuwar talaka. Wannan ne ya raba su da mawaƙin kamfe, wanda waƙarsa ke ƙarewa ranar da aka rantsar da ubangidansa. Salon ya tsallaka iyaka. A Burkina Faso mawaƙin gambara Smockey da mawaƙin rege Sams'K Le Jah sun kafa Balai Citoyen a 2013, ƙungiyar da ta taka rawa a boren da ya kori shugaban ƙasar Blaise Compaoré a watan Oktoban 2014. A watan Maris na 2015 kuma hukumomin Kinshasa sun kama wasu 'yan Y'en a Marre da suka je ganawa da matasan Kwango, suka kore su daga ƙasar.

Wata dabarar ta fito a 2013, lokacin da Xuman na ƙungiyar Pee Froiss da Keyti na Rap'Adio suka fara shirin Journal Rappé. Za ka ga mutum cikin kwat, zaune a bayan tebur kamar mai karanta labaran ƙarfe takwas, hotuna na wucewa a gefensa. Sai kiɗa ya tashi, ya shiga jero labaran mako cikin baiti mai amsa-amo: farashin shinkafa, rikicin majalisa, abin da ya faru a ƙasashen waje. Xuman ya yi da Faransanci, Keyti ya biyo da Wolof. A YouTube suka fara, daga baya tashar talabijin ta 2STV ta ɗauka. Wasu kuma suka koma gina na baya. Matador na ƙungiyar Wa BMG 44 ya kafa cibiyar Africulturban a Pikine a 2006, Fou Malade ya buɗe G Hip Hop a Guédiawaye, inda ake koya wa yara haɗa kiɗa da ɗaukar hoto, ana kuma jawo waɗanda suka fito daga gidan yari.

Kowane allazi da nasa amanu. An zargi 'yan gwagwarmayar da karɓar kuɗin ƙungiyoyin ƙasashen waje, mata har yanzu 'yan kaɗan ne a fagen, kuma tsofaffin hannu na ƙorafin cewa yaran yanzu sun fi damuwa da yawan masu kallo a intanet. Taurarin wannan zamani irin su Dip Doundou Guiss da Ngaaka Blindé suna tara jama'ar da na farko ba su taɓa mafarki ba, kuma muhawara a kan ko gambara ta nishaɗi ce ko ta faɗakarwa ba ta ƙare ba.

Darasin Dakar ya shafi iyaye da mawaƙa duka. Uban da ya ji ɗansa na sauraron gambara, kafin ya ƙwace wayar, ya zauna ya ji me ake faɗa a ciki, domin a kan kiɗa guda ake ɗora ashar, a kansa kuma ake ɗora kiran a je a yi rajistar zaɓe. Matashin da ke rubuta baiti a Kano ko Damagaram kuma ya lura cewa waɗannan mawaƙa ba su samu girma da kwaikwayon Amurka ba. Sun same shi ne da suka yi magana da harshen iyayensu a kan wuta da ruwa da aikin yi, kuma suka ƙi sayar da bakinsu ko ga wanda suka taimaka ya hau mulki.