Masu Shimfiɗa Layin Dogo a Kan Tebur

A watan Mayu na 2019, wasu samari suka kutsa cikin wata makaranta a garin Stamford na ƙasar Ingila cikin dare, suka iske zauren taro cike da tebura, an jera ƙananan jiragen ƙasa da tashoshi da gadoji ana jiran gari ya waye a baje kolinsu. Suka farfasa abin da hannunsu ya kai. Ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Market Deeping, wadda ta shirya taron, ta roƙi jama'a taimakon fam 500. Cikin 'yan kwanaki aka tara sama da fam 100,000, mawaƙin nan Rod Stewart shi kaɗai ya ba da fam 10,000. Wanda ya ɗauki ƙaramin jirgi a matsayin abin wasan yara dole wannan labari ya ɗaure masa kai, domin ba a saba ganin mutanen da ba su san juna ba suna yin karo-karo don an fasa wa dattawa kayan wasa. Abin da masu bayarwar suka gane shi ne, an fasa aikin shekaru ne. Ni kuwa a ganina wannan sha'awa hanya ce ta sanin abu da adana shi, domin duk wanda ya yi niyyar ƙanƙanta abu sau 76 ba shi da makawa sai ya san shi ciki da bai.

Ba za a yi musun cewa da wasan yara aka fara ba. Kamfanin Märklin na garin Göppingen a Jamus, wanda aka kafa a 1859, shi ne ya fito da tsarin faɗin dogo mai ƙayyadadden ma'auni a 1891, yadda yaro zai sayi tarago bana ya haɗa da kan jirgin da aka saya masa bara. A Amurka kamfanin Lionel ya fara a 1900. A Liverpool kuma Frank Hornby ya fito da jiragensa masu wani kamar na agogo a 1920. Amma yaran da aka saya wa waɗannan kaya sun girma, sha'awar ba ta sake su ba, sai dai idonsu ya buɗe suka fara ganin inda na wasan ya saɓa da na gaske. Daga nan ma'aunai suka yawaita. Wanda ya fi yaɗuwa a duniya shi ne HO, inda ake rage komai sau 87. Birtaniya ta riƙe nata mai suna OO, sau 76. Akwai N mai dogo milimita 9, wanda Japanawa suka fi so saboda ƙarancin wuri a gidajensu, akwai kuma Z da Märklin ya fito da shi a 1972, sau 220, wanda kan jirginsa bai wuce tsawon yatsa ba.

Labarin OO ya isa shaida a kan irin mutanen da ake magana. Faɗin layin dogo na gama-gari milimita 1,435 ne. In aka raba shi da 87 za a samu 16.5, wato HO ya yi daidai ke nan. To amma jiragen Birtaniya sun fi na Jamus da na Amurka ƙanƙantar jiki, saboda gadojinsu da ramukan da aka haƙa musu cikin duwatsu tun ƙarni na 19 matsattsu ne. Da aka zo sa injin lantarki cikin samfurin kan jirgin Ingila a shekarun 1920 da 1930, sai ya ƙi shiga. Maƙeran suka yi dabara: suka ɗan kumbura jikin jirgin zuwa sau 76, suka bar dogon a 16.5. Sakamakon haka, har gobe jirgin OO yana tafiya ne a kan dogon da ya yi masa kaɗan, domin lissafi ya ce 18.83 ya kamata. Bambancin bai kai milimita biyu da rabi ba, bai fi kaurin tsinken ashana ba, amma a kansa aka kafa ƙungiyoyi sukutum. Masu bin ma'aunin da ake kira EM suna shimfiɗa nasu dogon a 18.2, masu bin P4 kuma suka ce ba su yarda da ko ɗigo ba sai 18.83, su zauna da hannu su jera katakan ƙarƙashin dogo ɗaya bayan ɗaya, su sauya ƙafafun kowane tarago. Mutum na iya yi musu dariya, kuma akwai abin dariyar. Sai dai wanda ya damu da milimita biyu ba wasa yake yi ba.

Jirgin ma shi ne ɓangare mai sauƙi. Wahalar tana ga ƙasar da zai ratsa, wato abin da za mu kira shimfiɗa. Mai shimfiɗa kafinta ne da safe, yana haɗa katakon da zai ɗauki komai, da rana ya zama magini yana tayar da tudu da soso mai tauri da filasta, da dare kuma mai gyaran lantarki. Tsakuwar da ke tsakanin dogo dutse ne na gaske da aka niƙa, a baza shi da burushi, a ɗiɗɗiga masa gam da aka tsinka da ruwa, a ƙara ɗigon sabulun wanke kwano don ruwan ya ratsa ba tare da ya ture tsakuwar ba. Ciyawa kuwa ƙananan zaruruwa ne da ake zubawa ta wata na'ura mai cajin lantarki, su faɗa kan gam a tsaye kamar sun tsiro. Amma aikin da ya fi nuna gwani shi ne tsufantarwa. Sabon samfuri yana fitowa daga kwali fes yana ƙyalli, jirgin da ke aiki kuwa ba ya ƙyalli. Dole mai shimfiɗa ya san inda tsatsa ke fara cin ƙarfe, ya san ruwan sama daga ina yake gangarowa a jikin tarago har ya bar zane, ya san ƙurar birki ja-ja ce kuma a ƙasa take taruwa, baƙin hayaƙi kuwa a sama, har a bakin gadar da jirage masu kwal suka yi shekaru suna wucewa ta ƙarƙashinta. Dubban fasinjoji suna wuce bangon tasha kullum ba wanda zai iya faɗin yadda aka jera tubalinsa. Mai shimfiɗa zai iya, saboda ya ƙirga.

Wanda ya kai wannan kallon tsanaki matuƙa shi ne Roye England, ɗan Ostareliya da ya zo Ingila a 1925 ya zauna a yankin karkara da ake kira Vale of White Horse. Yana ganin ana kware rufin ciyawa na tsofaffin gidaje ana maye gurbinsa da na zamani, sai ya shiga bin ƙauyuka yana auna gidaje, yana ɗaukar hoto, yana rubuta launin kowane bango. Ya riƙa gina su da kwali, yana fentin tubali ɗaiɗai, rufin ciyawar ma da gashin mutum ya fara yin sa. Aikin nan shi ya zama gidan tarihi na Pendon da aka kafa a 1954 a ƙauyen Long Wittenham, kuma masu sa kai sun ci gaba da shi bayan rasuwarsa a 1995. Da yawa daga gidajen da ya auna an rushe su ko an sauya musu kama. Haka abin ya faru da layin dogon kansa. Rahoton Beeching na 1963 ya ba da shawarar rufe tashoshi 2,363 da kimanin mil 5,000 na dogo, a watan Agusta na 1968 kuma jirgi mai tururi ya yi sallama da manyan layukan Birtaniya. Hoto yana nuna tasha ta fuska ɗaya a daƙiƙa ɗaya. Shimfiɗa mai kyau tana nuna yadda tashar ke aiki: ta ina jirgin kaya ke shiga, a ina ake yanke taragon kwal, me ya sa aka dasa sigina a nan ba can ba.

Akwai masu cewa wannan ba tarihi ba ne, begen jiya ne da aka shafa wa hoda. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. A kan shimfiɗu da yawa kullum bazara ce, rana na haskawa, shanu na kiwo, ba yajin aiki, ba hatsari, ba mai zuba kwal da ya kwana yana jefa tan-tan cikin wuta har bayansa ya ƙage. Ba laifin sana'ar ba ne, zaɓin mai yin ta ne, kamar yadda marubucin tarihi ke iya zaɓar ya yi ta yabon sarakuna ya manta da talaka. Rod Stewart ya shafe sama da shekara 20 yana gina birnin Amurka na shekarun 1940, kuma abin da ya cika shi da shi masana'antu ne da datti da hayaƙi da lunguna. Ko a Pendon, inda ƙauyen ke da kyau kamar mafarki, ƙa'idar ita ce ba a gina gida daga tunani, sai wanda aka auna. Inda zargin ya fi kamawa shi ne mutane: ana ƙirga kusoshin jikin tarago, amma ba kasafai ake tambayar nawa ake biyan wanda ke wanke shi ba.

Masu cewa ɓata lokaci ne kuwa, amsarsu gajera ce. A 1946 ɗaliban jami'ar MIT a Amurka suka kafa ƙungiyar ƙananan jirage, wasunsu suka fi sha'awar ƙarƙashin tebur, inda suka haɗa tsarin sarrafa jiragen da tsofaffin kayan wayar tarho. Daga cikinsu aka sami wasu daga matasan farko da suka rungumi kwamfuta suka yi ta sarrafa ta yadda ba a zata ba. A yau tsarin DCC, wanda ya samo asali daga kamfanin Lenz na Jamus kuma ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Amurka ta mayar da shi ƙa'ida a shekarun 1990, yana aika umarni ta cikin dogon kansa, kowane kan jirgi da lambarsa, yana amsa nasa kiran kawai. A Hamburg kuma tagwaye Frederik da Gerrit Braun sun buɗe babbar shimfiɗa mai suna Miniatur Wunderland a 2001, mai dogo fiye da kilomita 15, wanda sama da mutum miliyan ɗaya ke biya su gani a shekara.

Zargin da na fi ɗauka da nauyi daga cikin gida ya fito, kuma ya shafi sababbin kawunan jirage da ake fitarwa. Ba a taɓa yin samfura masu kyau kamar na yanzu ba. Kamfani kan je gidan tarihi ya auna kan jirgi na gaske da hasken leza, ya zana shi a kwamfuta, ya aika masana'anta a ƙasar Sin, inda kamfanin Hornby ma ya mayar da aikinsa daga garin Margate a ƙarshen shekarun 1990. Samfurin ya iso da fitilu, da ƙarar injin da aka naɗa daga na gaske, wani ma an riga an yi masa tsatsar a masana'anta. Ana sanar da shi shekara ɗaya ko biyu kafin ya fito, masu so su yi rajista, kuma kan jirgi ɗaya mai sauti kan kai fam 300. Illar biyu ce. Farashin yana korar yaro, sannan kyawun yana kashe hannu, domin wanda ya biya wannan kuɗi ba zai yi kasadar kusantar abin da burushi ba. Sai ya ajiye shi cikin kwalinsa, ya jira na gaba. Wannan tarawa ce, kuma mai tarawa bai koyi komai game da tsatsa ba. A farkon 2024 shagon sayar da ƙananan jirage na Hattons, wanda ya fara a Liverpool a 1946, ya rufe, a daidai lokacin da ƙungiyar Warley ta ce ta daina shirya babban baje kolinta na Birmingham saboda masu aikin sun manyanta. Duk da haka ban yarda cewa sana'ar ta kama hanyar kabari ba. Hornby ya fito da jiragensa na ma'aunin TT:120 a 2022, mai dogo milimita 12, don masu ƙananan gidaje, kuma na'urar buga abu mai jiki ta ba mutum ɗaya a ɗakinsa damar ƙera taragon da babu kamfanin da zai damu da shi. Zanen ya koma kwamfuta, amma awo yana nan, dole a je a auna.

Wannan dogo mai milimita 12 yana da wani amfani da ya shafe mu. In aka ɗora jirgi mai ma'aunin HO a kansa, ya yi kusa ƙwarai da matsattsen layi mai milimita 1,067, kuma da shi masu shimfiɗa a Afirka ta Kudu da Ostareliya ke kwaikwayon jiragensu. Shi ne faɗin layin da ya iso Kano a 1911, wanda ya yi shekaru yana kwashe buhunan dalar gyaɗa zuwa Ikko. Kundin kayan manyan kamfanonin cike yake da jiragen Birtaniya da Jamus da Amurka da Japan, saboda can masu saye suke. Wanda ya so shimfiɗa tashar Kano ta zamanin gyaɗa, ko ƙaramin layin da ya haɗa Zariya da Jos daga 1914 har aka rufe shi a 1957, ba zai sami komai a kwali ba. Sai ya nemi tsofaffin hotuna, ya ɗauki tef ɗin awo ya je inda sauran gine-ginen suke, ya zauna da tsofaffin ma'aikatan reluwe ya tambaye su ta wane gefe ake lodi, kuma wane launi taragon yake komawa bayan hunturu ya lulluɓe shi da ƙura.